Inda Keken Mama Ya Tsaya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji uku bayanin yadda sauro ke gano mutum ta numfashinsa, sai wayata ta dinga rawa a cikin jaka. Ban ɗauka ba, domin kai ka koya mana cewa malami ba ya amsa waya a aji. Sai da na fito na ga kiran babbar 'yarka har sau biyar. Da na kira ta, abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Anti, Baba ya tafi." Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, kai dai ka riga mu ne, Malam. An ce lafiya lau ka karya kumallo, ka zauna a kujerarka da takarda a cinya, ka ce kanka na sara maka. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekarunka sittin da bakwai.

Mutane da yawa za su rubuta alherinka, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni abin da ke kaina ya fi ta'aziyya nauyi, gara in sauke shi tun a nan. Shekara uku ke nan ina guje maka. Ni ce na rubuta rahoton da ya hana ka zama farfesa. Babu sunana a jikinsa, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin zuwa in zauna a gabanka in ce ni ce ba. A bakin ajin nan, da wayar a hannuna, tambaya biyu ce ta faɗo mini a rai: ko ka sani, kuma in ka sani, ko ka yafe.

Saboda wanda bai san ka ba, bari in faɗi ko kai wane ne. Malamin jami'a ne kai, masanin ƙwari, kuma a cikin ƙwarin ma gara ka zaɓa, abin da kowa ke neman maganin kashewa. Shekara talatin da shida ka yi kana koyarwa a sashenmu. Ɗalibai suka sa maka Baba Fensir, saboda kullum akwai guntun fensir a bayan kunnenka, kana fiƙe shi da reza har sai ya koma bai kai gaɓar yatsa ba. Ba ka taɓa riƙe jan biro ba, kana cewa ihu yake yi wa yara. Amma abin da ya ci rayuwarka shi ne gasar da ƙungiyar masana kimiyya ke shiryawa duk shekara, inda ake neman wanda zai bayyana wani abu na kimiyya yadda mutumin da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba zai fahimta. Alƙalan gasar uku ne. Biyu ana sauya su a kai a kai, don kowa gudun aikin yake yi. Kujera ta uku kuwa, tun da ka hau ta shekara ashirin da shida da suka wuce, babu wanda ya ce a ba shi, kai ma ba ka ce ka gaji ba. Sakataren gasa yakan sa almakashi ya datse sunan kowane marubuci, ya rubuta lamba a wurin, ya cika kwali ya aiko maka. Guda sittin, wani lokaci saba'in.

Na san yadda kake aikin ne ta hanyar da ban ji daɗinta ba. Ina digiri na biyu a hannunka, na kawo maka babin farko na bincikena ina ji da kaina. Ka ce in same ka a gida ranar Asabar da hantsi. Har yau ina ganin falon nan: kujeru biyu, kantar littattafai da ta lanƙwasa a tsakiya, kwalbar da ka ajiye sarauniyar gara a ciki, wadda matarka ta rufe da ƙyalle don ta ce ba za ta ci abinci tana kallon wannan abu ba. A gindin taga kuma ga matar taka, wadda dukanmu muke kira Mama, tana kan keken ɗinki tana haɗa rigunan 'yan makaranta. Na ɗauka za ka karanta a zuci. Sai ka gyara murya ka fara da ƙarfi. Shafi ɗaya, shafi biyu, keke na ta tafiya. Mama ta gama hannun riga, ta juya ta kama na biyu. A shafi na huɗu ka ajiye takardar, ka ce in faɗa wa Mama da bakina abin da na gano.

Na ce, "Mama, sauron da ke cizon mutane a unguwar nan ba daga rafi yake zuwa ba. A cikin tsofaffin tayoyin da ake jibgewa a bayan gida yake ƙyanƙyashewa."

Keke ya tsaya cak. Mama ta juyo ta ce, "Tayoyi? Irin waɗancan da Malam ya hana a zubar?"

Ka yi dariya har da share hawaye, ka ce da ni, "Shafi huɗu kina kewaye wannan magana kamar mai tsoron kare." Daga ranar sunana ya koma 'Yar Kewaye. Na zama dakta, na zama farfesa, na yi furfura, a bakinka ban tashi daga 'Yar Kewaye ba.

Ma'auninka ke nan. Kowane rubutu sau biyu kake karanta shi. Na farko kai kaɗai, da littattafai a gefe, kana bin kowace magana ka ga ko gaskiya ce. Na biyu a falo, da ƙarfi, Mama na ɗinki. Ba ka tambayar ta ra'ayi. Duk inda ƙafarta ta daina taka keke don ta saurara, sai ka zana ɗan ƙaramin da'ira a gefen layin. Ka ce a shekarar farko ba ta ma san alƙalanci take yi ba, kai ne ka lura cewa akwai rubutun da ke tsayar da ita, akwai wanda take ƙara wuta in an fara shi. Mama ba ta wuce firamare ba, kuma ba ta taɓa jin nauyin faɗin haka ba. Wata rana na ce maka ai wannan ba hanyar masana ba ce. Ka ce, "Keke ba ya gane ƙarya, wannan aikina ne. Ni kuma na daina gane rubutu mai gundura, shekara talatin ina karanta na 'yan uwana malamai."

Wannan hanya ta jawo maka maƙiya, ko da yake kai ba ka san su ba. Akwai shekarar da wani babban farfesa, wanda sunansa ke gaban littattafai, ya shiga gasar da yaƙinin cewa ya gama da kowa. Da aka buɗe lambobi, sai ga shi wani ma'aikacin gona ne ya ci, da bayanin abin da ke sa ganyen masara yin rawaya daga ƙasa. Farfesan ya tare ka a kan matakalar ɗakin karatu, a gaban ɗalibai, yana tambayar wane kuskure ka samu a nasa. Ka ce babu ko ɗaya. Ya ce to me ya faru? Ka sosa kunne ka ce, "Ranka ya daɗe, keke ne bai tsaya ba." Ya tafi yana cewa ka fara taɓuwa. Mu da muka san zancen sai da muka ɓuya bayan ginshiƙi muka yi dariya.

Ni ma na taɓa shiga gasar, a ɓoye, ina so in burge ka. Da kwalin ya iso, ka ɗauki nawa, ka karanta layi biyu, ka mayar da shi ambulan ka aika wa sauran alƙalan, ka ce su yanke ba da kai ba. Ban ci komai ba, na kuma yi fushi na sati guda. Da na zo da ƙorafi ka ce almakashi suna yake cirewa, ba ya cire hali, kuma wanda ya ci abinci a gidanka ba ka da ikon auna shi. Na ji maganar, har na sha maimaita ta ga ɗalibaina. Ranar da ta zo kaina ne na manta da ita.

Sai kuma wasiƙu. Babu dokar gasa da ta ce a rubuta wa wanda ya faɗi. Kai ka ɗora wa kanka. Duk wanda bai ci ba sai ya samu shafi guda da hannunka, ka fara da jimlar da ta fi burge ka a rubutunsa, ka nuna masa inda ya ɓata hanya, ka sa hannu da "Alƙali na Uku". Sakatare ne ke rubuta adireshi, kai ba ka san wa kake rubuta wa ba. Kwana biyu bayan an kai ka makwanci, wata mata da babu wanda ya san ta a cikinmu ta shigo wajen mata, ta zauna a gefe da baƙar leda a cinya. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin karkara, tafiyar wuni guda. Ta buɗe ledar ta nuna mana wasiƙu huɗu, duk sun yi laushi saboda ninkewa. Sau huɗu tana rubutu a kan dalilin da ya sa bai kamata mutum ya daina shan magani don ya ji sauƙi ba, sau huɗu tana faɗuwa, a na biyar ta ci. Ta ce yanzu wannan bayanin take karanta wa masu jiran layi kowace safiya. Ba ta taɓa ganin fuskarka ba. A sanarwar da ƙungiya ta fitar ne ta ji cewa Alƙali na Uku ya rasu, ta nemi gidan har ta samu.

Duk wannan yana cin wata huɗu a kowace shekara, kuma watannin hutu ne, lokacin da sauranmu ke rufe ƙofa mu rubuta maƙalun da ake ƙara mana girma da su. Bincikenka a kan yadda shuri ke sanyaya kansa ya yi shekaru a cikin kabad ɗin ofis yana jiran ka. Ranar da ka buɗe don ka ci gaba, sai ƙasa ta zubo. Gara ta shiga ta bango ta cinye fayil uku, aikin shekara shida. Ina tsaye a bayanka ina kallo. Kai kuwa ka tsuguna, ka ɗauki guda ɗaya a tafin hannu, ka duba ta da kyau, ka ce, "To, aƙalla su sun karanta." Ka yi dariya, amma na ga yadda ka daɗe a tsugune kafin ka tashi.

Haka muka dinga wuce ka ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ka koya wa riƙe madubin ƙara girma suka zama farfesoshi, kai kana nan a dakta. Duk wanda aka ƙara wa girma kai ne na farko a ƙofar ofishinsa. Ranar tawa, da gudu ka hawo bene, kana haki, ka ce, "Yau kewaye ya kai gida." Ban taɓa jin ɗigon hassada a muryarka ba. Amma ƙarya ne in ce abin bai dame ka ba. Mama ta taɓa faɗa mini cewa mahaifinka, kafin ya rasu, kullum in ka je gaishe shi sai ya tambaya, "Yaushe za a fara ce maka farfesan?" kai kuma ka ce saura kaɗan.

Saura shekara guda ka yi ritaya, abokai suka matsa maka ka nema. Ka cika fom, ka haɗa maƙalunka, ka kuma liƙa wani shafi a baya da ka rubuta shekarun alƙalancinka da adadin wasiƙun, dubu ɗaya da ɗari uku da 'yan kai. Fayil ɗin ya zo gaban kwamitin ƙarin girma, ni kuma ina cikin kwamitin. A nan ya kamata in miƙe in ce wannan malamina ne, na ci abinci a gidansa, a ba wani. Ban yi ba. Na gaya wa kaina cewa in ina ciki zan iya kare ka. Tunda fanninmu ɗaya, shugaban kwamiti ya miƙo mini fayil ɗin ya ce ni zan rubuta rahoto, da sunan "Mai Dubawa na Biyu".

Ƙa'ida ta ce maƙala ashirin a mujallun bincike. Naka goma sha ɗaya ne. Na ƙirga sau uku, na juya fayil ɗin ko wata ta maƙale a baya. A zaman kwamiti na ɗaga shafin nan na wasiƙu, na yi doguwar magana a kansa. Shugaban, wanda ba mugun mutum ba ne, ya turo mini fom ɗin ya ce, "Farfesa, nuna mini gurbin da za mu sa shi." Na duba daga sama har ƙasa. Akwai gurbin maƙala, akwai na littafi, akwai na taro. Babu na wasiƙa zuwa ga ma'aikaciyar jinya. Na koma ofis na rubuta shafi biyu, na yabe ka, na kewaya, na sake kewayawa, a layin ƙarshe na ce ba ka cika sharaɗi ba. Jimla ɗaya kawai na saka wadda shugaban ya so a cire na ƙi. Aka aika maka da kwafi, kamar yadda ake yi wa kowa.

Daga ranar na kasa haɗa ido da kai. In na hango ka a baranda sai in shige ofishin da ya fi kusa, in ƙirƙiro abin tambaya. Ranar liyafar ban kwananka na ce ina da taro a wani gari, alhali ina zaune a mota a bayan ɗakin taron, ina jin tafi ta taga. Titin gidanku shi ne hanyata mafi kusa zuwa aiki, na koma bin ta bayan kasuwa, ƙarin minti ashirin kullum. Sau biyu ka aiko 'yarka da saƙo. Na farko ka ce a gaishe ni. Na biyu ka ce a gaya mini ƙofar tana nan inda na san ta. Na ce mata in an gama jarrabawa zan zo. An gama jarrabawa sau shida, Malam. Kullum ina shirya maganar da zan fara da ita, kullum sai in ga ba ta yi ba.

Kwana huɗu bayan rasuwarka, da mutane suka ragu, Mama ta aiko a kira ni. Na shiga falon nan. Komai na nan, har kwalbar da ƙyallenta. Keken ne kawai aka lulluɓe da zane. Kwalin gasar bana na gefen kujerarka. Mama ta ce guda sittin da uku ne, ka gama arba'in da ɗaya har da wasiƙunsu, na arba'in da biyu ne ke cinyarka a safiyar da ka rasu. Sannan ta sa hannu a ƙarƙashin kwalin ta zaro wani ambulan ta miƙo mini, ta ce, "Wannan naki ne. Ya daɗe yana jiran ki."

Rahotona ne. Na gane shi tun kafin in gama warware shi. Ka bi shi da fensir kamar yadda kake bin na kowa, ka ja layi a nan, ka sa alamar tambaya a can. A gefen shafi na biyu akwai ɗan ƙaramin da'ira guda ɗaya, daidai jimlar da na ƙi cirewa, inda na ce kwamiti na so a rubuta cewa fom ɗin da aka ba shi ba shi da gurbin da zai ɗauki mafi girman aikin wannan malami. Na ɗago na dubi Mama. Ta ce, "Ya karanta mini ranar da aka kawo. Da ya zo nan na tsaya, na ce Malam, wane ne wannan yake kuka a cikin takarda? Ya ce 'yarki ce."

A bayan shafin ka rubuta, da kwanan watan shekara uku da suka wuce: "'Yar Kewaye, tun layi na biyu na gane ki. Na sake ƙirgawa, goma sha ɗaya ne, ba ki zalunce ni ba. Da ni ne a kujerar, abin da zan rubuta ke nan, sai dai nawa ba zai kai shafi biyu ba. Kuskurenki ɗaya ne, da kin tashi kin bar wa wani, domin na san ki, za ki ɗauki abin nan ki yi ta yawo da shi. Babu komai tsakanina da ke sai alheri. Ki zo mu sha shayi."

Na tambayi Mama me ya sa ba ka aiko mini ba. Ta ce ta yi maka magana har ta gaji. Kai kuma ka ce takardar ba suna, kuma wanda aka datse wa suna haƙƙinsa ne a bar shi a rufe, alƙali ba ya tona shi. Ka ce ranar da na zo da ƙafata na ce ni ce, za ka ba ni. Ta ce duk Asabar da hantsi sai ka sa a ɗora ruwan shayi da ɗan yawa, in ta tambaya ka ce ko wani zai biyo. Shekara uku kana riƙe mini amana, ni kuma ina bin bayan kasuwa. Na kifa kaina a kan kwalin nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Mama, wadda ni ya kamata in rarrasa, ita ce ta dafa ni tana cewa ya isa.

Na roƙi ƙungiya ta bar mini ashirin da biyun da suka rage, suka amince. Asabar da ta wuce na koma da hantsi. Mama ta yaye zanen, ta zura zare, ta sa wani yadi a ƙarƙashin allura, ta fara takawa. Ban iya zama a kujerarka ba, na jawo ɗayar. Na ɗauki lamba arba'in da biyu, bayani ne a kan abin da ke sa ruwan rijiya canza ɗanɗano, akwai layin fensir ɗinka har rabin shafin farko. Na gyara murya na fara. Ban kai ƙarshen layin farko ba keke ya tsaya. Na kai hannu ga fensir, sai Mama ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kar ki zana, 'yar nan. Ba rubutun ba ne. Muryar ce ba tasa ba." Ta goge idonta da gefen yadin. Can ta ɗora ƙafa ta ci gaba, ta ce in karanta. Mun yi guda uku a ranar. Na rubuta wasiƙunsu, na sa hannu da Alƙali na Uku, domin ban ga dalilin da zai sa su ji cewa an sauya hannu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi alƙalancin shekara ashirin da shida ba a taɓa kiran sunanta a taro ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa ki ga alheri a kan 'ya'yanki. Ina yi wa 'ya'yansa huɗu da jikokinsa ta'aziyya, da ƙannensa, da ɗalibansa da ke warwatse ko'ina, da duk wanda ke da wasiƙar fensir a ninke a ƙasan akwati. Ku sani mai rubuta muku ya tafi, ku sa shi a addu'a.

Malam, Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Allah Ya sada ka da mahaifinka a Aljanna, a matsayin da ya fi wanda yake tambayar ka. Mu mun auna ka da fom ɗin da ba shi da gurbinka, muka ce ba ka cika ba. Ya Allah, Kai da babu abin da ke ɓace maKa, Ka karɓi kowace wasiƙa, da kowane hutu da ya bayar, da kowane ruwan shayi da aka ɗora saboda wadda ba ta zo ba, Ka sa masa a mizani. Ni kuma, Malam, na zo. Na makara, amma na zo da ƙafata, kuma ga shi na faɗa a gaban kowa: ni ce Mai Dubawa na Biyu. Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.